Inda Ƙarar Ta Fi Yawa

Salamu alaikum, 'yan uwana masu bibiyar labarin nan. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta rubuto daga Maraɗi tana tambaya ko aure na yi na manta da ku. Ban yi aure ba, 'yar uwa. Rasuwa aka yi mana. Sai yau na iya zama in rubuta, in kun ga zancen ya karkace ku yi mini uzuri.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Hamida. Ku riƙe sunan da kyau, don a kansa komai ya tsaya. Ni ce 'yar fari a gidan Malam Mu'awiya, mutumin Damagaram, wanda yake aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington. Muna zaune a Silver Spring, a wani bene mai jan bulo, inda in ka buɗe taga kana jin wucewar jirgin ƙasa na Metro. Ina ƙarama aka kawo ni ƙasar nan. Ƙanwata Rahmatu kuwa nan aka haife ta, shi ya sa in ka yi mata Hausa sai ta mayar maka da Turanci, ko a jikinta.

Tun da na yi wayo, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini. In tana ba wani labarina ta ce "yarinyar nan", ranar da na faranta mata kuma ta ce "yayar Rahmatu". Na sani, kada ku fara yi mini bayani. Alkunyar ɗan fari ce, haka uwarta ta yi mata, haka kakarta ta yi. Baba dai zaman Amurka ya saki bakinsa, yana kirana kai tsaye, amma Inna ko kusa. Kaina ya san al'ada ce. Zuciyata ce ba ta san wannan karatun ba, ita da ta girma a lakwal, wato makaranta, tana kallon uwayen yara suna ƙwala musu kira daga bakin ƙofa. Ranar da aka fara kwantar da Inna a asibiti, nas ta tambaye ta sunan 'yarta don a san wanda za a kira. Inna na kwance da robar ƙarin ruwa a hannu, ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ke, gaya mata." Na yi dariya a gaban nas ɗin. A banɗaki na yi kukana.

Ciwon daji ne. A shekarar 2014 aka fara yi mata kemo, kuma ta nan Basit ya shigo rayuwarmu. Baba yana fita aiki da sassafe, ni ina kwaleji, sai aka haɗa mu da wani kamfani mai kai marasa lafiya asibiti. Direban da suka turo dogo ne, baƙi, sanye da baƙar riga mai wani rubutu a ƙirji kamar saiwar bishiya, har yau ban iya karanta shi ba. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Inna, sannan ya juyo gare ni.

"Kai ne Hamida?"

Wallahi sai da na waiga in ga ko akwai namiji a bayana. Hausar zangon Kumasi ce a bakinsa, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne, kowa "ya ce". Ita ma ɗin rabi ce, don yana ɗan yaye mahaifiyarsa Hajiya Awawu ta kawo shi nan.

Ranar na raka su. Da ya tayar da mota sai wani abu ya fashe daga sifika, na zabura har kaina ya bugi gilas. Ku ɗauka an kunna injin niƙa a cikin ɗaki an rufe ƙofa, ga kuma wani ƙato yana gurnani daga ƙasan rijiya. Ya yi maza zai kashe yana ta ba da haƙuri, sai ƙarar ta lafa da kanta, wani siririn sauti ya taso daga ƙarƙashi. Goge ne. Goge sak, irin wanda Inna take ba mu labarin ana yi a bukukuwan ƙauyensu.

Daga kujerar baya Inna ta ce, "Bar shi."

Idonta a rufe yake, amma na ga yatsanta yana bugun gwiwa.

A hanya ya yi mini bayani, rabi Hausa rabi Turanci. Wai folk metal ake ce wa abin. Samarin arewacin Turai ne suka ɗauko sarewa da garayar kakanninsu suka cusa cikin gitar lantarki da ganguna masu tsawa. Shi kuma da ya ji, sai ya tuna gogen kakansa da ke rataye a ɗakin mahaifiyarsa a garin Clinton yana shan ƙura. Ya ce in Bature zai yi ihu da kayan kakansa, shi me ya hana shi? Ya koyi goge, ya samo kalangu, shi da abokansa suka mayar da ɗakin ƙasa na gidansu wurin gwaji.

Na ce, "To gurnanin fa? Wa ya taɓa ka?"

Ya ce, "Akwai abin da in ka faɗa a hankali, kuka za ka yi. Gara ka yi ihu."

Kada ku tambaye ni yaushe na fara sonsa, ni ma ban sani ba. Na dai san ranakun kemo sun zama ranakun da nake tsayawa gaban madubi ina sake ɗaurin kallabi. Na san yana kawo mana wake da shinkafa irin nasu da shito, soyayyen yajinsu na Ghana, a roba, wai Hajiya ce ta aiko, alhali yadda shinkafar take caɓewa kowa ya san hannun namiji ne. Na san tes ɗinsa na safe: "Kai ya tashi lafiya? Na yi kewanka paa." Wannan "paa" ɗin "sosai" ke nan a bakinsu. Kuma shi kaɗai na taɓa gaya wa maganar suna. A bakin tashar Metro ne, ina kuka ina jan hanci, na ce ina tsoron Inna ta tafi ban ji sunana a bakinta ba. Ya miƙo mini hankici.

Da ya turo manyansa neman aurena, Baba ya yi abin da ake yi wa ɗan fari: ya ce maganar ba a hannunsa take ba, a je wurin yayarsa, Gwaggo Atine, a Woodbridge. Gwaggo kuwa ba ta yi wata-wata ba ta sa jikanta ya nemo mata bidiyon su Basit a intanet. Ranar Asabar sai ga ta a falonmu, ta sha leshi ruwan toka da mayafi har ƙasa, ko zama ba ta gama yi ba ta ɗora waya a kan tebur.

"Mu'awiya, kalli surukinka."

Ga Basit a kan dandamali, goge a hannu, yana kaɗa kai kamar zai cire shi, samari a ƙasa suna ture juna.

Gwaggo ta ce, "Makaɗi ma a gida mun san inda yake zama, bare wannan. Wannan ai borin Turawa ne. Duk samarin da ke masallaci, masu aikin ofis, ta rasa wanda za ta kawo sai mai gurnani?"

Na ce, "Gwaggo, yana salla. Ko sigari ba ya sha."

"Da ke nake magana?"

Baba ya daɗe yana kallon wayar. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa da abin sauraro a kunne, yana tace muryoyin mutane kafin a watsa, ba ya son hayaniya ko ta cokali. Ya kife wayar ya ce, "Ban hana ba, ban kuma bayar ba. Uwarki ta fi kowa sanin yaron nan, shi yake kai ta yana dawo da ita. In ta ce wani abu, na ji."

Gwaggo ta yi murmushi, don ta san abin da ni ma na sani. Matar da ba ta iya furta sunana, ita ce za ta buɗe baki a maganar aurena?

Duk da haka na gwada. Na same ta a ɗaki bayan la'asar tana zaune a bakin gado, gashin duk ya zube, tana ƙoƙarin ɗaura kallabi. Na karɓa na ɗaura mata. Ɗakin yana ƙanshin turaren wuta da man zafi.

Na ce, "Inna, kin ji abin da Baba ya ce. Kalma ɗaya kawai. Ko i, ko a'a."

Ta kalli labule.

"Inna, don Allah."

Ta ce, "Ke, miƙo mini ruwan can."

Na miƙa mata. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na fita na bar ta da kofin a hannu.

Sai Basit ya zo ya yi ɓarnar da ta fi ƙarfin gyara, kuma da kyakkyawar niyya ya yi ta. Ashe a mota yana jin Inna tana wata 'yar waƙar reno a ƙasan maƙoshi, ya riƙe ta a ka. A tunaninsa na ɗan Amurka, in abu yana damun mutum sai a zauna a faɗa a wuce wurin. Ranar Lahadi ya hawo benenmu da babbar riga shuɗiya wadda ta yi masa gajarta, ko ta wa ya aro oho. Gwaggo na nan, Baba na nan, Inna na kishingiɗe a doguwar kujera da bargo. Ya gaishe da kowa, ya zauna a kan darduma, ya fito da wata 'yar na'urar ɗaukar murya.

"Mama, ina so in yi wa Hamida waƙa. Ina roƙo ka yi wannan waƙa da kake yi a mota, ka sa sunansa a ciki. Ka ce Hamida, ko sau ɗaya. Bai taɓa ji ba, yana damunsa paa."

Ni dai ji na yi kamar ƙasa ta buɗe in shige. A gaban mijinta, a gaban yayar mijinta, ya ce ta kira sunan 'yar fari, ya kuma tona cewa ni na kai ƙara. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta yunƙura da ƙyar, Rahmatu ta kama ta, suka shige ɗaki.

Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "To, kun gani. Ni ban ce komai ba."

Baba ya ce, "Tashi ka tafi, yaro."

Basit ya kalle ni yana neman wanda zai gaya masa laifinsa. Ban iya ɗaga ido ba. Kafin ya kai ƙasa tes ya shigo: "Me na yi?" Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na ce, "Ka tsiraita ta a gaban mutane." Ya ce, "Wallahi ban sani ba." Na ce, "Na san ba ka sani ba." Washegari Baba ya ce in daina kula shi, na kuwa daina, don gidan da ake jinya ba wurin jayayya ba ne.

Gwaggo ta so a kira kamfani a sauya direba. Nan ne kawai Inna ta yi magana. Ta ce, "Ku bar shi. Ya san inda ramuka suke a hanya, ba ya girgiza ni." Abin da ta taɓa faɗa a kansa ke nan, kuma ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, har ni.

Da sanyi ya shigo jiki ya ƙi. Aka daina kemo, aka dawo da ita gida. Ranar da za ta cika, da hantsi ne, ina zaune a gefenta ina shafa mata man zaitun a ƙafa. Ta kamo wuyan hannuna ta riƙe, ta daɗe tana kallona, irin kallon da ba ta taɓa yarda na kama ta tana yi ba. Leɓenta ya motsa. Na sunkuya, na ce a raina yau dai, yau dai.

Ta ce, "Ke... ki riƙe Rahmatu."

Daga nan sai kalmar shahada. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Ku sa ta a addu'a, sunanta Habibatu.

A maƙabarta an ce Basit yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ni kuwa na haƙura da abu biyu a lokaci guda, da sunan da shi. Wadda aka ce a jira kalmarta ta tafi da ita.

Bayan sadakar arba'in, ranar wata Asabar da azahar, ina wanke kwanonin da maƙwabta suka kawo abinci, sai wayata ta yi ƙara, tes ne daga Basit. "Ina ƙasa. Ba zan hau ba. Akwai saƙonka." Na zura hijabin Inna mai ruwan ƙasa, wanda har yanzu yake ƙanshinta, na sauka da silifas.

Yana tsaye jikin motar, ya rame. Ya miƙo mini faifan CD, ba rubutu a kai.

"Mama ya ce in ba ka bayan arba'in."

Na ce, "Wace Mama?"

"Mamanka."

Ya ba ni labari yana kallon ƙasa. Wai a zuwansu asibiti na ƙarshe, da ya tsaya a wurin ajiye motoci, Inna ta ƙi fita. Ta ce, "Yaro, kiɗan nan naka, ina ne ya fi ƙara?" Ya kunna mata wurin. Ta saurara ta ce, "Nan za ka sa ni. Inda ba mai ji." Ta sa shi ya ɗauko na'urar, ta juya masa baya, ta fuskanci taga, ta rufe fuska da mayafi, sannan ta yi. Da ta gama ta sa shi ya rantse da Allah cewa ba zai taɓa raba muryarta da ƙarar ba, ba zai bari kowa ya ji ta tsirara ba, ko ni.

Ban san yadda na hau benen ba. Na shiga ɗaki na sa faifan a kwamfuta, na toshe kunnuwana da abin sauraro. Goge ne ya fara, shi kaɗai, yana bin waƙar renon nan a hankali. Kalangu ya shigo. Sai gita ta faɗo, ganguna suka biyo, gurnanin Basit ya cika mini kai. A karon farko ban ji komai ba sai hayaniya, har na fara jin haushi. Na mayar baya. Na rufe ido, na bi ta ƙarƙashin ƙarar kamar mai laluben allura a tabarma. Can ƙasa, siririya, a gajiye, ga Inna.

"Hamida, Hamida, 'yar farina, yi shiru. Hamida tawa, bi mai goge, na yarda, Allah ya sa albarka."

'Yan uwa, ashe haka sunana yake. Tana jan ƙarshensa, tana lanƙwasa shi yadda ba wanda ya taɓa yi. Na zame daga kujera na zauna a ƙasa, na cusa hijabin a baki don kada Rahmatu ta ji.

Da na natsu sai wani tunani ya zo mini. Ga kalmar da Baba ya ce yana jira. Amma ta ce inda ba mai ji. In na kai masa, na yaye mata mayafin da ta rufa da hannunta, na maimaita abin da Basit ya yi a falo. In ban kai ba, na rasa Basit, kuma yardarta ta tafi a banza. Sai na ce a raina ba zan nuna masa wurin ba, ba zan ce akwai komai a ciki ba. Zan kunna kawai. In bai ji ba, shi ke nan, haka Allah ya so.

Baba yana falo da jallabiya fara, carbi a hannu, yana kallon kujerar da Inna take kishingiɗa. Na sa faifan a rediyon falo na koma gefe na durƙusa. Da goge ya fara ya ɗago kai. Da gita ta faɗo fuskarsa ta haɗe.

"Hamida, a gidan nan? Yanzu? Kashe wannan."

Ban motsa ba. Ya miƙe da kansa, ya kai hannu zai danna, sai hannun ya tsaya a sama. Ya karkata kai gefe ɗaya, yadda yake yi in yana aiki. Carbin ya sulale ya faɗi a kan kafet.

"Mayar da shi baya."

Na mayar. Ya durƙusa a gaban sifika, dattijo da furfurarsa, ya kanga kunne a jikin kiɗan da ya tsana. Da wurin ya wuce ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

Ya ce, "Ni ma ban taɓa ji ba. Ko ranar suna ba ta faɗa ba." Sannan ya ce, "Inda ba mai ji, ko? Haka ta ce masa?"

Na ce, "Yaya aka yi ka sani, Baba?"

"Na san matata. Ita ma ta san kunnena."

Ya share fuska da hannun riga. Ya tambaya ko yaron yana nan, na ce yana ƙasa a mota.

"Ce masa ya hawo. Ya zo da na'urarsa ya cire mini wannan hayaniyar, in ji muryarta ita kaɗai. Ba ni da muryarta a ko'ina, Hamida. Na ɗauki muryar duniya, ban ɗauki tata ba. Ya ba ni wannan, sannan mu zauna a yi maganarku."

Na rubuta wa Basit. Ba a daɗe ba amsa ta shigo.

"Ina sonka, Allah ya sani. Amma na rantse wa Mama. Ko Baba ne, ba zan cire ba."

Na tsaya da wayar a hannu, ina karantawa ina sake karantawa. Baba ya riga ya mayar da faifan zuwa farko da kansa, ya ƙara murya har gilashin taga yana rawa. Rahmatu ta fito daga ɗaki ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonmu.

Baba ya juyo, idonsa jawur, ya ce, "Me ya ce?"

Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba. Daidai nan gita ta faɗo, ganguna suka biyo, daga can ƙarƙashi Inna ta kira ni.

Na ce, "Na'am, Inna."